Tsakanin Ƙudurin Makka da Zauren Suna: Sharhi a kan Hukuncin Sauya Jinsi da Haƙƙin Mata-Maza a Kankiya da Kusada

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan ƙuduri na shida na zama na goma sha ɗaya na Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, wanda aka yi a Makka a watan Rajab 1409, daidai da Fabrairu 1989, game da mayar da namiji mace ko mace namiji. An auna ƙudurin da ma'auni biyu: gadon fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, da halin da iyali kan shiga a garuruwa irin su Kankiya da Kusada idan aka haifa musu jaririn da ba a tantance jinsinsa ba, ko kuma matashinsu ya taso ransa bai aminta da jikinsa ba. Maƙalar ta yarda da iyakar da ƙudurin ya shata, amma ta nuna ya bar giɓi uku: ma'aunin tantancewa, da lokacin yanke hukunci, da kulawar da ta wajaba ga wanda aka hana wa tiyata. Ta kuma nuna cewa abin cike waɗannan giɓi yana nan cikin littattafan magabata.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai halittar abin da Ya so, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Tambayar farko da ake yi idan mace ta sauka ita ce, "Me aka samu?" Ungozoma ce ke amsawa, amsarta kuwa kalma ɗaya ce. A kan wannan kalma ake ɗora sauran rayuwa: sunan da liman zai raɗa ran suna, sahun da za a tsaya a masallaci, rabon gado, da wanda za a aura. A Kankiya da Kusada, kamar sauran karkarar Arewa maso Yamma, haihuwa da yawa a gida ake yin ta, a hannun ungozoma da tsofaffin gida. Idan ungozoma ta duba ta yi shiru, iyali na da kwana bakwai kacal kafin dangi su hallara, kuma wanda ake fara tunkara da zancen galibi malamin unguwa ne kafin likita.

Abin da ke hannun malamin abu biyu ne. Na farko babin hunsa, wato wanda Hausawa ke kira mata-maza, kamar yadda ya karanta shi a ƙarshen Muhtasar na Shaihu Halil. Na biyu fatawar zamani a kan sauya jinsi, wadda ta iso masa ta bakin masu wa'azi, galibi a gutsure. Tushen wannan fatawa a duniyar Sunna shi ne ƙudurin Makka na 1989. Ya dace, saboda haka, a zauna a karanta shi da idon basira, a ga abin da ya faɗa da abin da ya yi shiru a kansa.

2.0 Abin da Ƙudurin ya Ƙunsa

Majalisar ta zauna ne ƙarƙashin shugabancin Shaihu Abdul'aziz bin Baz, kuma marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yana cikin mambobinta a wancan zamani. Ƙudurin sakin layi biyu ne. Na farko ya ce namijin da gaɓoɓinsa na maza suka cika, da macen da gaɓoɓinta na mata suka cika, bai halatta a juya ɗayansu zuwa ɗaya jinsin ba; yunƙurin yin haka laifi ne da mai yin sa ya cancanci uƙuba, domin canza halittar Allah ne, wanda aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta lissafa cikin alkawuran Shaiɗan. Na biyu ya ce wanda alamomin maza da na mata suka haɗu a jikinsa, sai a dubi wanda ya yi rinjaye, a yi masa magani da abin da zai kawar da rikitarwar, ko da tiyata ko da sinadarin homon, domin wannan ciwo ne, magance shi kuma neman waraka ne.

Ƙudurin bai fito daga sarari ba. A farkon 1988 an yi wa wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar tiyatar da ta mayar da shi mace, lamarin ya kai ga ƙungiyar likitoci da kotu. Muftin Masar na lokacin, Shaihu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, ya ba da fatawa a wannan shekara cewa tiyata ta halatta don bayyanar da gaɓoɓin da suka ɓuya idan amintaccen likita ya tabbatar da dalili, amma ba ta halatta don son rai kawai ba. Lafazin fatawar ya yi faɗin da kowane ɓangare ya kafa hujja da ita. A Iran kuwa, Ayatullahi Khumaini ya riga ya ba da fatawa a tsakiyar shekarun 1980 wadda ta halatta tiyatar har ga wanda jikinsa bai da wata rikitarwa. Majalisar Makka ta zo ne don ta rufe ƙofar da waɗannan fatawoyi suka bari a buɗe. Sanin wannan yana bayyana ƙarfin ƙudurin da kuma rauninsa: an rubuta shi ne don ya amsa tambayar baligi mai neman tiyata a babban birni, shi ya sa bai waiwayi jariri da iyayensa a ƙauye ba.

3.0 Inda Ƙudurin ya Dace

Adalci ya wajabta a fara da yabo. Babban abin da ƙudurin ya yi shi ne fitar da mata-maza daga inuwar zargi. Ya kira halinsu ciwo, ya kira gyaransa magani, ya ambaci tiyata da homon da sunansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da har yanzu wasu ke ganin taɓa irin wannan yaro da wuƙar likita shisshigi ne ga ikon Allah, wasu kuma ke danganta haihuwarsa da shafar aljanu ko sammu. Shekara huɗu bayan haka, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta maimaita hukuncin a 1413 ta Hijira, ta ƙara da wajabta wa likitoci su bayyana wa waliyyan yaro sakamakon bincikensu.

Haka nan rarrabewar da ya yi tsakanin bayyanar da abin da yake akwai da ƙirƙirar abin da babu, rarrabewa ce mai tushe a usulu. Ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura sun sanya ba da 'ya'ya maza da mata cikin kyautar Allah, hukunce-hukuncen aure da gado da nasaba kuma a kan wannan rabo aka gina su. Wannan maƙala ba ta jayayya da sakin layi na farko ta fuskar haramci. Tambayarta ita ce: me ya rage wa iyali su yi bayan sun ji halal da haram?

4.0 Giɓi na Farko: Wa ke Auna Rinjaye, da Wane Ma'auni?

Ƙudurin ya rataya komai a kan kalmar rinjaye, amma bai faɗi ma'auninsa ba. Malamin zaure zai cike wannan giɓi da abin da ya sani, wato alamar mafitar fitsari. Alama ce tsohuwa. Ibnu Hisham ya kawo labarin Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa a Jahiliyya, wanda ya kwana bai runtsa ba a kan gadon wani hunsa, har baiwarsa mai kiwo, Suhaila, ta ba shi shawarar ya bi mafitar fitsari. An ruwaito irin wannan hukunci daga Sayyidina Aliyu, Ibnul Munzir kuma ya hakaito ijma'i a kansa. Sai dai hadisin da ake jingina wa Annabi (SAW) a wannan babi malaman hadisi sun raunana shi. Ma'anar wannan ita ce mafitar fitsari alama ce ta ijtihadi, mafi kyawun abin da ido ke iya gani a zamaninsu. Malikiyya ma ba su tsaya a kanta ba. Sun ƙara yawan fitsari da rigayensa, da gemu da nono da haila da maniyyi. Imamu Abu Hanifa kuwa ya ƙi yin hukunci da yawan fitsari, ya dakata, yana ganin ba aikin alƙali ba ne ya zauna awon fitsari.

Ilimin likitanci ya nuna hikimar wannan dakatawa. Misalai uku sun isa.

Na farko, kuma mafi yawan abin da ke haddasa rikitarwar al'aura ga jarirai mata, ciwo ne na wata 'yar gaɓa da ke zaune a saman ƙoda. Idan ta gaza sarrafa sinadarin da jiki ke buƙata, sai ta yi ta zubo homon na maza tun yarinya tana ciki. A haife ta da mahaifa da ƙwayayenta lafiya lau, amma al'aurarta ta yi kama da ta namiji, har fitsari ya fito ta nan idan abin ya yi tsanani. Alamar magabata za ta ce namiji ne, alhali mace ce da za ta iya haila da haihuwa. Abin da ya fi wannan hatsari shi ne mafi yawan masu nau'i mai tsanani jikinsu na zubar da gishiri. A mako na biyu ko na uku, wato daidai bayan an watse daga suna, sai amai da ƙin kama nono da ramewa, in ba a kai asibiti ba sai rasuwa. Maganinsa ƙwayoyi ne da ake sha kullum tsawon rai. Ciwon gado ne da ke bayyana idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayarsa, kuma kowane ciki nasu yana da kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwa, shi ya sa ya fi samun hanya inda auren zumunci ya yawaita.

Na biyu kishiyar na farko ne. Gwajin jini zai nuna kuromosom na maza, a cikin ciki kuma akwai 'ya'yan maraina, amma jikin ba ya jin homon na maza ko kaɗan. Sai a haifi yarinya wadda babu mai shakkar ta, ta girma mace a siffa da ɗabi'a, ba a gane komai sai haila ta ƙi zuwa, wani lokaci ma sai bayan aure an shiga neman haihuwa. Wanda ya ɗauki kuromosom a matsayin ma'auni shi kaɗai zai zalunci wannan baiwar Allah, ya rushe mata aure da mutunci a kan takardar gwaji.

Na uku shi ne wanda likitoci suka yi bayaninsa a 1974 daga wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika: a haifi yaro da siffar mace, a rene shi mace, da balaga ta zo sai murya ta buɗe, jiki ya koma na namiji, da yawansu kuma su zaɓi rayuwar maza.

A misali na farko ido ya yi kuskure, a na biyu gwajin jini ya yi kuskure, a na uku kuwa lokaci ne ya warware abin da aka ƙulla ran suna. Rinjaye, ashe, ba abu ne da mutum ɗaya zai auna da alama ɗaya ba. Shi ya sa taron masana da aka yi a Shikago a 2005 ya tsaya a kan cewa tawaga ce ke tantancewa: likitan yara, da na homon, da na tiyata, da masanin halayyar ɗan'adam, tare da iyaye. Da ƙudurin ya shardanta irin wannan tawaga a fili, da ya yi aiki da umarnin aya ta 43 a Suratun Nahli na a tambayi ma'abota sani, da kuma ya sauke wa malamin unguwa nauyin da ba nasa ba.

5.0 Giɓi na Biyu: Lokaci, da Muryar Mai Jikin

Ƙudurin ya halatta magani, bai ce yaushe ba, bai kuma ce da yardar wa ba. A nan ma magabata sun fi shi haƙuri. Sun yarda mutum zai iya zama mushkili shekara da shekaru, suka tanadar masa hukunce-hukuncen zaman jira maimakon su tilasta masa ɓangare. Isnawi, malamin Shafi'iyya na ƙarni na takwas, littafi sukutum ya wallafa a kan hukunce-hukuncen hunsa mushkili. A gado, Malikiyya sun ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar ɗa namiji guda da hunsa mushkili guda: in an ɗauke shi namiji yana da 1/2, in an ɗauke shi mace yana da 1/3, sai a ba shi rabin jimillarsu, wato 5/12, ɗan'uwansa ya ɗauki 7/12. Wannan lissafi shaida ne cewa shari'a ta yi wa rashin tabbas mazauni, ba ta ɗauke shi abin kunyar da za a binne cikin mako guda ba.

Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne Shafi'iyya, da Hiraƙi daga Hanbaliyya, sun karɓi maganar hunsa a kan kansa. Idan alamomin jiki suka gaza, sai a jira ya balaga a tambaye shi inda ɗabi'arsa ta karkata, a yi hukunci da abin da ya faɗa, domin abu ne da ba a sanin sa sai ta bakinsa. Ƙudurin Makka bai ambaci wannan alama ba ko da kalma ɗaya. Likitancin Turai kuwa sai da ya sha wuya kafin ya iso inda fuƙaha'u suka tsaya. An daɗe ana bin ra'ayin John Money na cewa tarbiyya ce ke yin jinsi, a yi wa jariri tiyata da wuri a rene shi yadda aka zaɓa. Labarin David Reimer na Kanada, wanda kaciya ta lalata wa al'aura aka rene shi mace bisa wannan shawara, ya ƙi yarda, ya koma namiji, ya kashe kansa a 2004, shi ya karya wannan ra'ayi. A 2015 ƙasar Malta ta hana yi wa irin waɗannan yara tiyatar da za a iya jinkirtawa sai sun kai ga ba da yardarsu.

Ka'idar da ta dace, saboda haka, ita ce a raba magani gida biyu. Abin da ya shafi rai, kamar zubar gishiri ko toshewar fitsari, gaggauta shi wajibi ne. Abin da ba a iya mayarwa idan an yanke, kuma jinkirta shi ba ya cutarwa, tasarrufin waliyyi a kansa yana rataye da maslahar yaro, maslahar kuwa sau da yawa tana cikin jira.

Mai karatu zai ce: to, kwana bakwai ɗin fa? Mazhabar da ake bi a ƙasar Katsina ta riga ta sauƙaƙa. A wurin Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, dabba ɗaya ake yankawa ran bakwai, namiji aka haifa ko mace. Ragon suna bai jiran sakamakon asibiti. Suna kuwa ana canza shi. Annabi (SAW) ya canza wa sahabbai maza da mata sunaye. Abin da ya kamata a dakatar shi ne askar wanzami. Nawawi ya rinjayar da cewa ba a yi wa hunsa mushkili kaciya sai al'amarinsa ya bayyana, likitoci kuma suna buƙatar wannan fata idan za a gyara mafitar fitsari.

6.0 Giɓi na Uku: Matashin da Aka Hana wa Tiyata

Nan ne ƙudurin ya fi gajarta. Akwai matashin da bincike zai nuna jikinsa cikakke ne, amma tun ƙuruciya maganarsa da tafiyarsa da abin da ransa ke so na ɗaya jinsin ne, wani ma har ya ji jikinsa ya zame masa kurkuku. Kalmomin da sakin layi na farko ya tanadar wa wannan babi su ne haramci da laifi da uƙuba. An yi su ne don aikin tiyata, amma da suka iso bakin masu wa'azi sai suka sauka a kan mutumin kansa. Harshen Hausa ya ƙara dagula lamarin, domin kalmar ɗan daudu, wadda asalinta ke da alaƙa da bori, ta zama buhun da ake zuba mata-maza, da mai laushin ɗabi'a, da mai kwaikwayon mata don sana'a, da mai aikata alfasha, a ɗaure baki ɗaya. Tun da aka sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Janairu 2014, tsoron a jingina wa gida wannan suna ya ƙaru, har uba kan gwammace ya ɓoye yaron da ke buƙatar likita.

Magabata ba su yi wannan haɗin gambiza ba. Hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Buhari, wanda ya la'anci masu kamanta kansu da ɗaya jinsin, sananne ne. Amma Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya raba muhannasi gida biyu: wanda aka halitta haka bai ƙaƙalo ba, wannan babu zargi ko zunubi ko uƙuba a kansa, da wanda ya ƙaƙalo da gangan, shi ne abin zargi. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya ƙara ƙaidi: na farkon ana umartar sa ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali, in ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai iya ba, babu laifi a kansa. Ko an ɗauki sassaucin Nawawi ko ƙaidin Ibnu Hajar, duka biyun sun tabbatar da cewa akwai wanda haka aka yi shi, kuma abin da ke tsakaninsa da al'umma tarbiyya ce mai taushi da daɗewa.

Za a iya kawo hujja da cewa Annabi (SAW) ya fitar da muhannasai daga gidaje. Gaskiya ne, amma a dubi yadda abin ya faru. Muhannasin da ake kira Hitu yana shiga gidajen Annabi (SAW) ba a hana shi ba, ana lissafa shi cikin waɗanda ba su da buƙatar mata, har ranar da aka ji yana siffanta jikin 'yar Gailana ga wani namiji lokacin yaƙin Ɗa'ifa. Aikin da ya yi ne ya jawo hanin, shugaba ne ya zartar, kuma a ruwayar Abu Dawuda an bar shi yana shigowa gari kowace Juma'a don neman abinci. A wata ruwayar ta Abu Dawuda, wadda malamai suka yi saɓani a kan ingancinta, an nemi izinin kashe wani muhannasi, Annabi (SAW) ya hana saboda mai salla ne. Babu inda aka ba yaran unguwa izinin jifa, ko aka ba uba izinin yanke ciyarwa. Aya ta 11 a Suratul Hujurati, wadda ta hana izgili da jifa da miyagun laƙubba, ba ta togace kowa ba.

Duba abin da ke gudana a ƙasashen Yamma yana da amfani a nan, domin matasanmu suna ganin sa a wayoyinsu. Can an gina tsarin da ke bin abin da matashi ya faɗa game da jinsinsa, daga canza suna da tufafi zuwa allurar dakatar da balaga da homon. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta goyi bayansa a 2018. Amma Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 sun taƙaita ba yara waɗannan magunguna, a Ingila kuma rahoton Dokta Hilary Cass na Afrilu 2024 ya ce hujjar amfaninsu mai rauni ce, ya nemi a dubi matashi gaba ɗayansa. Malamin Musulunci zai ga a cikin wannan abin da ke ƙarfafa taka-tsantsan ɗinsa. Sai dai amana ta wajabta ya karanta ɗaya rabin: masu goyon baya da masu suka duk sun haɗu a kan cewa damuwar waɗannan matasa ta gaske ce, baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai sun yawaita a cikinsu, kuma ƙyamar iyali tana ƙara wutar. Wanda ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya bar wannan bai yi adalci ba.

Haramta hanya ɗaya ba ya sauke wajibcin kulawa, ƙara masa nauyi yake yi. Iyalin da aka ce wa "haram ne" aka juya musu baya, hanyoyi uku suka rage musu: duka, ko kora, ko gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Daura da birnin Katsina a Oktoba 2019, na mutane cikin sarƙa da tabon azaba, ya isa ya hana kowane malami nuna wa uba wannan hanya. Kora kuwa ita ke kai yaro tasha da bariki, inda abin da ake gudu yake jiran sa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

7.0 Abin da ya Kamata a Kankiya da Kusada

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Kankiya tana kan babbar hanyar Katsina zuwa Kano, tana da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, Kusada kuma maƙwabciyarta ce. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, duk tafiyar yini ɗaya ce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ce wa iyali su tashi, da kuɗin da za su tashi da shi.

Na farko, limamai da ungozomomi da wanzamai su san ka'ida ɗaya: duk jaririn da al'aurarsa ta rikitar, ko aka ɗauke shi namiji amma ba a ji 'ya'yan marainansa duka biyu ba, a kai shi asibiti kafin suna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu, malami ya ɗauki matsayin Abu Hanifa, ya dakata har sakamako ya zo, sannan ya yi nasa aikin: suna, sutura, sahun salla, gado, da aure. Wanda aka rene shi a jinsi ɗaya bincike ya mayar da shi ɗayan yana buƙatar limamin da zai tsaya a gaban jama'a ya wanke shi.

Na uku, gwaje-gwaje da maganin tsawon rai sun fi ƙarfin manomi. Ceton rai farilla ce ta kifaya, iyalin da suka gaza kuma suna cikin masu haƙƙi a zakka da waƙafi.

Na huɗu, matashin da ransa bai aminta da jikinsa ba a fara kai shi ga likita, domin wasu daga cikinsu mata-maza ne da ba a gano ba. In jikin lafiya yake, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa mai amana da malami mai sirri, a ci gaba da ciyar da shi da karatunsa, a bambance masa tsakanin abin da yake ji, wanda ba a kama shi da shi, da abin da yake aikatawa. In ya ambaci kashe kansa, a ɗauki maganar da gaske a ranar. Uƙuba, in ma ta taso, ta alƙali ce bayan hujja.

8.0 Kammalawa

Ƙudurin Makka na 1989 ya amsa tambayar da aka yi masa, kuma ya amsa ta da kyau: ya halatta gyara, ya haramta juyarwa. Kuskuren yana wurin wanda ya ɗauki sakin layi biyu a matsayin babin gaba ɗaya. Ma'aunin rinjaye yana buƙatar tawagar masana, lokacin tiyata yana buƙatar haƙurin da fuƙaha'u suka yi da mushkili da kuma jin ta bakinsa, matashin da aka hana wa tiyata kuwa yana da haƙƙin da Nawawi da Ibnu Hajar suka tabbatar masa ƙarnuka kafin a san homon. Ya rage wa majalisun malamai na jihar Katsina da sassan nazarin addini na jami'o'i su zauna da likitoci su rubuta wannan ƙarin bayani da Hausa, a taƙaice, yadda zai isa hannun limamin da za a ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare kafin ran suna. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da bai ruɓe ba, Mahaliccinsa ne Ya jarrabi mai shi.

Allah ne Mafi sani.